Kiran Dada a Cikin Wayoyi

Zangon Marke, ta Gazawa
20 ga Yuli

Zuwa ga bawana Isaka,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga uwargijiyarka Cima, wadda ka manta da ita tun da ka fara shan ruwan famfon Yamai. Ɗan mace dai bawan ɗiyar namiji ne ko ya tara diplom goma, ka riƙe wannan. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, an rufe lakol, don haka na sallami ɗalibaina na tattaro na dawo wurin mahaifiyarka. Goggo Nasira da sauƙi, amma ba irin sauƙin da zan cika maka baki a kansa ba. Ƙafafun sun kumbura, in ta je bakin garke sai ta huta sau biyu kafin ta dawo. Likita a Gazawa ya ce zuciya ce.

Za ka ce me ya kawo takarda alhali ga waya. Na kashe tawa tun ranar Laraba, kuma ba na jin zan kunna ta nan kusa.

Ranar Larabar, da rana tsaka, ina tankaɗe a tsakar gida, Goggo na kishingiɗe a rumfa, sai na ji Dada. Isaka, kakarmu Dada Hassana, wadda aka binne shekara uku da suka wuce, ita na ji tana kiran shanu. Ba mai kama da ita ba. Ita ce, da 'yar rawar nan da muryarta ke yi in ta ja "hooo", da ɗan tarin da take yi kafin ta ce, "Woɗe, war, war." Rariya ta suɓuce mini. Goggo ta tashi zaune ta ce, "Na'am, Dada," sannan ta tuna, ta rufe bakinta da hannu.

Kafin in kai ƙofa na ji ƙasa na amsawa. Woɗe, tsohuwar jar saniyar Dada, ta tsinke igiya, sauran suka rufa mata baya, suka ratsa gonar Haidar a miƙe. Abin da ya fi ba ni tsoro, ko ɗaya ba ta sa baki a geron ba, ga shi kuwa shar. Na bi su da gudu har rumfar Gado mai cajin waya. Na iske sun kewaye rumfar sun yi tsit, kawunansu a ƙasa, Gado na tsaye bisa benci da waya a hannu, magidanci guda da furfura a gemu.

Ya ce wani wasan waya ne aka tura masa daga Agye, sunansa Garke, in ka taɓa wata ƙwarya da ke ciki sai muryar ta fito. Ya nuna mini. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na ga sunanka.

Na san ka ɗauki muryar Dada a wayarka zuwanka hutu na ƙarshe kafin ta rasu, ina wurin. Ban san abin wasa za ka sa ta ba. Ka faɗa mini mene ne wannan, kuma me ya kai kakarmu ciki. Goggo ba ta sake ta da maganar ba, sai dai ta daina zama a rumfa. Ka ba direban motar kar ɗin da ya kawo maka wannan takarda amsarka, ya san inda zai ajiye mini a Gazawa.

Taka, ko ka so ko ka ƙi,
Cima

Yamai
26 ga Yuli

Zuwa ga Cima, mai bawa ba ta da abin ciyar da shi,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Ki gaida mini Inna ƙwarai, ki ce ta rage gishiri, ta bar zuwa garke, ai ga ki. Ki ba ta haƙuri a kan firgitar da ta yi, wallahi ban yi nufin haka ba.

Amma Cima, Gado bisa benci! Na yi dariya har Fahad, abokin aikina, ya leƙo ya tambaye ni lafiya. Malamar lakol guda ta kashe waya don tsoron wasan yara. Shanu sun ji muryar da suka saba da ita sun zo, ina abin mamaki a nan? Saniya ba ta san an yi mutuwa ba.

Ga yadda abin yake. Ni da Fahad muka haɗa wasan a buro, wurin aikinmu, in an tashi aiki. Mai wasa shi ne wani baƙo da ake ce wa Mai Kira. Ya shigo ƙauye ba shi da komai sai ƙwarya. Aikinsa ya ƙago wa mutane wani tafarki, ya kafa musu dokoki na banza, in ya taɓa ƙwaryar kira ya tashi, su taru su sunkuya masa kamar shanu. Kullum suna kawo masa awaki da hatsi. A ƙarshen wasan shi ya yi ƙiba har ba ya iya fita ƙofa, su kuwa rumbunansu wayam, sai su farga su kore shi. Ba'a ce nake yi wa irin mutumin nan da muka taɓa gani a kasuwar Gidan Rumji, mai sayar da ruwan kwalba yana cewa a mafarki aka nuna masa rijiyar.

Mun sha gardama da Fahad a kai. Shi cewa yake bambancin ƙungiyar asiri da addini yawan shekaru ne da yawan mabiya, ba wani abu ba. Na ce masa ya yi istigfari. Addinin gaskiya ba ya ɓoye littafinsa, ba ya kulle ƙofa don kada ka fita, kuma shugabansa ba ya ƙiba mabiya na ramewa. Wasan kaf a kan wannan yake. Duk wanda ya kai ƙarshensa zai gane.

Batun Dada kuwa, na nemi muryar da za ta sa mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ban samu kamar tata ba. Kuma in gaya miki gaskiya, addinin Mai Kira kusan duka daga gidanmu na kwaso shi: kifa ƙwarya a bakin ƙofa, ɗaura farin zare a hannu, ƙin sayar da nono ran Laraba. Abin da na tashi na gani ne, na ƙara masa gishiri. Ina ganin ma da Dada na nan ita za ta fi kowa dariya.

In wani ya tambaye ki, ki nuna masa takardar nan, magana ta ƙare. Ki kunna wayarki, don Allah.

Bawan da ya fi ƙarfin uwargijiyarsa,
Isaka

Zangon Marke
21 ga Agusta

Isaka,

Sallama. Muna nan da rai. Gero ya yi kai, ruwa bai yanke ba. Jikin Goggo ya ƙara nauyi, yanzu a zaune take barci, in ta kwanta numfashi ba ya isarta.

Takardarka ta yi sati uku a tashar Cadawa. An canja direba, sabon ya sauke ta can ya manta, sai ranar Lahadi wani ɗan kabu-kabu ya kawo mini ita duk ta sha mai. Da ta zo da wuri, ko da ba ta zo ba sam, ban san wanda ya fi ba.

Ka ce duk wanda ya kai ƙarshen wasan zai gane. Babu wanda ke yin wasan, Isaka. Ba wanda ya taɓa ganin Mai Kiranka ya yi ƙiba. Ƙwaryar kawai suke taɓawa.

Abin ya fara daga gonar Haidar. Layin da shanu suka tattake, geron ya miƙe ya fi na ko'ina tsawo, baƙi ƙirin don kyau. Ni na san taki ne suka zubar a hanya. Haidar ya ce shi ma ya san taki, shekara arba'in yana noma, wannan ba taki ba ne. Daga nan kullum in rana ta take sai a taru a rumfar Gado a kunna kiran. Ko na ɗaure shanun sai sun tsinke. Su tsaya gaba, mutane su tsaya bayansu, kowa kansa a ƙasa, ba mai cewa uffan. Na taɓa zuwa in koro su, na ga matan da nake koya wa 'ya'yansu karatu, na kira sunan ɗaya, ba ta ɗago ba.

Yanzu in ka bi layinmu za ka ga ƙwarya a kife a ƙofar gida goma sha huɗu, jiya na ƙirga. Dada don ƙwaryar ta bushe take kifa ta, ka sani na sani. Zaren kuwa don ta tuna wace saniya ta kusa haihuwa. Sun fara zuwa gaida Goggo, su durƙusa tun daga zaure, suna ce mata Ɗiyar Kira. Ta jefi Gado da muciya, ya ɗauka ya tafi da ita gida.

Ranar Litinin mai gari ya tara dattawa, aka kira ni a madadin Goggo. Liman Ayuba ya ce wa Gado, "Ku faɗa mani, wanga abu naku mi ne? Addini ne sabo?"

Gado ya ce, "Allah shi kiyaye, Malam. Salla biyar muke, azumi muke. Mu ba mu roƙon kowa. Saurare kawai muke."

Liman ya ce, "Duk waɗanda sunka ɓace, da saurare sunka fara."

Haidar ya ce to ai ba a ɓoye suke yi ba, rana tsaka ne, kowa na gani, ina asiri a nan? Wani ya ce abin da babu littafi ba addini ba ne, tsafi ne. Wani ya ce in ba addini ba ne, to me za a hana? Aka yi ta ja har na ga ba ta da ranar ƙarewa. Ni kuwa da wayona sai na zaro takardarka, na ce ga mai abin da kansa, wasa ne ya ƙaga, ku ji. Na karanta da murya irin ta aji. Ban farga ba sai da bakina ya riga ya faɗi, "kusan duka daga gidanmu na kwaso shi, abin da na tashi na gani ne."

Gado ya share hawaye ya ce, "Kun ji ko? Ashe tun can akwai shi." Liman ya dube ni ya ce, "Ashe tun can akwai shi." Na yi ta bayani, na karanta musu wajen mai ruwan kwalba, ba wanda ya ji. Magana zarar bunu. Na tsani kaina ranar, kai ma na tsane ka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Liman ya biyo ni har ƙofar gida. Ba da faɗa ba, ka san tare suka tashi da Goggo. Ya ce, "Ɗiyata, ni ban ga Nasira ta yi shirka ba. Amma mutanen ga sun maishe ta tutarsu. In kiran nan ya sake fita daga gidanga, da waya ko da baki, ran da ta cika ba ni tsayawa bisa gawarta, don za su ce na sa hannu. In an yi shiru, ni ne gaba."

Ka san abin da ke nan. A gidanmu in mace ta ji tafiya ta zo, da bakinta take kiran shanu, ta kama hannun wadda za ta gaje su ta ɗora a goshin babbarsu. Haka Dada ta yi wa Goggo, haka aka yi wa Dada tun muna daji. An ce in ba a yi ba, shanun ba su da uwa, sai su watse. Goggo ta ji abin da Liman ya ce, tana daga ɗaki. Amma kwanakin nan sai ta dubi garke, ta dubi hannuna.

Ka yi wani abu. Kai ka ɗebo da zafi, amma ba bakinka yake ƙonawa ba.

Cima

Yamai
27 ga Agusta

Cima,

Sallama. Lafiyata lau, in ana kiran wannan lafiya. Ki riƙe mini hannun Inna ki ce ina neman gafararta.

Na cire wasan daga inda ake saukar da shi tun ranar da takardarki ta zo. Fahad ya ce aikin banza na yi, kuma gaskiyarsa. Abin ya riga ya shiga katin ajiya na wayoyi, daga wannan zuwa wancan, ba ya bukatar rezon intanet. Na yi sabo wanda babu murya a ciki, amma wa zai karɓa?

Akwai abin da ban faɗa miki ba, don ni ma na manta da shi. Na koma na saurari muryar Dada ta asali, wadda ban yanke ba. Bayan ta gama kiran ta yi dariya, sannan ta ce, "Isaka, kada ka kai wanga inda babu shanu. Kira ba ya komawa haka nan. In saniya ba ta amsa ba, wani abu na amsawa." Ana jin muryata ina cewa to, Dada. Ana jin ki ma kina dariya daga gefe. Ni da hannuna na yanke wajen, don ya yi tsawo. Na saurara sau ɗaya, ban iya sakewa ba.

Ga takarda ta biyu a ciki, ta Liman ce. Na rubuta masa cewa ƙarya na shirya, gidanmu ba shi da wani addini sai Musulunci, ƙwarya ƙwarya ce, zare zare ne. Ki ba shi hannu da hannu.

Patron, mai gidan aikinmu, ya ce sai mun miƙa aikin da ke hannunmu, goma ga Satumba zan taso. Kafin nan, don girman Allah, kada ki bar Inna ta yi kiran. Ki aika wa Kawu Sharifu a Gidan Rumji ya zo ya kwashe shanun, ko a sayar, ko a yanka, ban damu ba. Saniya dabba ce. Uwata ba za ta tafi babu liman ba saboda wasana.

Isaka

Zangon Marke
8 ga Satumba

Ɗan'uwana Isaka,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka kafin ka hau mota. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ta cika ranar Alhamis, gab da faɗuwar rana. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, sau biyu ta faɗa.

Takardarka ta zo a kan lokaci. Na kai wa Liman tasa, ya karanta ya ce, "Allah shi karɓi tubansa. Amma mutanen Gado ba takarda suke saurare ba. Maganata na nan." Na aika wa Baffa Sharifu, ya zo da mota zai kwashi shanun. Goggo ta ce in aka fitar da ko maraƙi ɗaya ba ta yafe ba. Ya sallami motar, shi ya zauna. Tun daga gargaɗin Liman, kwana goma sha bakwai gidanmu shiru. Na ɗaure shanun da igiya biyu biyu, na toshe kunnena in rana ta take. Na fara sa rai za mu tsira.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta ce mu kai ta garke. Na durƙusa na kama ƙafafunta na ce, "Goggo, kin ji abin da Liman ya ce."

Ta ce, "Na ji. Ayuba na da gaskiya tasa."

Na ce, "To ki bari. Ni zan riƙe su ko babu kira."

Ta ce, "Cima, shekara sittin ina salla, Wanda nike yi dominSa ya san ni. Uwata ta ba ni amana gaban dabbobin ga. Don wasu sun haukace in tafi da ita cikin rami? Ku ɗauke ni."

Muka ɗauke ta bisa tabarma, ni da Baffa. Ta ce in kwance shanun, na kwance, sannan ta yi kiran. Muryar da ta fito ba ta kai ta kaza ba, ni da ke riƙe da kanta da ƙyar na ji. Woɗe ta ɗago, ta tako a hankali, ta sa hancinta a cinyar Goggo, sauran suka biyo. Goggo ta kama hannuna ta ɗora a goshin Woɗe. Sai na ji kamar ana kallona, na waiga. Suna nan bayan darni, Isaka. Gado, Haidar, matan layinmu, sun fi talatin, kawunansu a ƙasa. Ba wanda ya kunna waya. Daga rumfar Gado zuwa garkenmu tafiya ce, kuma na rantse maka muryar ba ta wuce tabarmar ba. Ban san me suka ji ba.

Da safe Liman ya zo. Ya tsaya a ƙofar gida, ya miƙo likkafanin da ya saya da kansa, hawaye na bin gemunsa, ya ce a sa mata. Ya juya ya tafi. Waɗanda ke bin maganarsa duk suka zauna gida.

Baffa ya ce shi zai ja sallar, ko da mutum biyar ne. Da aka fito da ita, biyar ɗin ne kuwa, duk dangi. Yana ɗaga hannu zai yi kabbara sai ga su sun zo, sun yi alwala, sun jeru sahu bayan sahu. Ya ce mini ya so ya kore su, amma da wane baki zai hana Musulmi sallar gawa? Sahu bakwai aka yi. Har daga Agye da Cadawa an zo, mutanen da ba su taɓa ganinta ba, kowa da farin zare a hannu. An ce garin nan bai taɓa ganin jana'iza mai jama'a kamar ta Goggo ba. Matar da ta jefe su da muciya, su suka sallace ta, su suka ɗauki makararta, ba su bar ɗan'uwanta ya kama ko gefe ba. Baffa ya dawo ya shiga ɗaki, har yanzu bai ci abinci ba.

Kada ka zo goma ga wata. Rabin garin na jiranka da duwatsu, rabi kuwa sun share maka ɗaki a gidan Gado sun shimfiɗa sabuwar tabarma, kuma su na fi tsoro. Ka yi mata addu'a daga can.

Ni ce ban san yadda zan yi ba. Tun jiya shanun na bakin fadama, sun ƙi sanda, sun ƙi Baffa, ga gonakin mutane gero ya nuna. Ba za su shigo ba sai an kira su, kuma hannuna aka ɗora. Ɗazu na leƙa, mata uku na durƙushe a zaure, bakina suke kallo. La'asar ta yi, mai kai takarda na jira a waje.

'Yar'uwarka,
Cima